Yadda muka ciro hotunan Zangon Wagadugu daga kwamfutar da aka ce ta mutu

Wata ranar Juma'a bayan la'asar 'yar yayana ta ɗauko ni a bayan moto daga wurin aiki, muka biyo ta titin Kwame Nkrumah. Da muka karya kwana muka zo daidai wani dogon bene mai gilashi, sai na taɓa kafaɗarta na ce ta rage gudu. Na nuna mata da hannu na ce: "Kin ga nan? Nan ne gidanmu. A nan aka binne cibiyar babanki."

Ta dubi benen, ta dubi motocin da ke jere a gabansa, ta yi dariya. "Baffa, kai da Inna kullum Zango, Zango. Ni fa ko hoton wurin ban taɓa gani ba."

Gaskiyarta ne. A shekarar 2005 aka haife ta, shekara biyu bayan an rushe unguwar. Da daddare na ba Inna labarin yadda muka yi, ina tsammanin za ta yi dariya ita ma. Ba ta yi ba. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce: "Auta, hotunan da yayanka ya ɗauka fa? Ka nemo su tun ina da sauran ido. In na tafi, wa zai gaya muku ko su wane ne a ciki?"

Inna ta haura shekara tamanin, kuma idonta na hagu ya riga ya yi yana. Hotunan kuwa wuri ɗaya suka rage a duniya: cikin wata tsohuwar kwamfutar tebur da ke ɗakin marigayi yayana, wadda ba a kunna ba tun rasuwarsa a 2019.

Abin da ke cikin akwatin

Duk wanda ya tashi a Wagadugu kafin 2003 ya san Zangouettin, unguwar da mu muke kira Zango kawai. Sunan daga zangon fatake ya samo asali, irin na Hausawan da ke bin hanyar goro zuwa Gonja suna yada zango a ƙasar Mosawa, har wasunsu suka zauna suka yi aure suka hayayyafa. Unguwar tana tsakanin filin jirgin sama da babbar kasuwar Rood Woko. Akwai masallatai da makarantun allo, akwai mahauta da wanzamai da masu dillancin gidaje, kuma baƙon da ya sauka daga Kano ko Maraɗi ko Kumasi ba ya kwana a tasha.

Sai shirin ZACA ya zo, wanda gwamnati ta tsara domin mayar da tsakiyar birnin wurin kasuwanci da ofisoshi. A 2003 aka tashi Zango tare da maƙwabtanta irin su Tiedpalogo da Peuloghin da wani ɓangare na Koulouba. Sama da mutum 12,000 abin ya shafa. Wasu aka ba su filaye a gefen Ouaga 2000, wasu a Nioko, wasu kuma suka watsu cikin gari. A wannan shekarar ce kuma, cikin watan Mayu, gobara ta cinye Rood Woko. Mutanenmu da yawa sun rasa rumfa da gida a shekara guda.

Yayana mai ɗaukar hoto ne a wuraren biki da suna. Da ya ga abin da gaske ne, sai ya riƙa zagaya unguwar lungu-lungu da kyamararsa ta fim, yana ɗaukar ƙofofin gidaje, da zauruka, da mutanen da ke zaune a bakinsu. Wasu har faɗa suka yi masa, suna cewa yana yi wa unguwa fatan tsiya. A 2006 ya sayi kwamfuta cikin kayan gwanjon Turai da ake kira "France au revoir", ya haɗa da na'urar kwafar hoto, ya buɗe ɗan shagon buga takardu. A lokutan da babu ciniki ne ya shigar da hotunan ɗaya bayan ɗaya.

Na takardar, da fina-finan da aka wanko su, ya ba kawunmu ajiya a cikin akwatin ƙarfe. Ranar 1 ga Satumban 2009 aka yi ruwan da har yau ba a manta da shi ba a Wagadugu, sama da milimita 260 cikin yini guda. Gidan kawu na ƙasa ne, ya zube. Da aka tono akwatin, hotunan sun manne da juna kamar ƙosai a cikin leda. Ko ɗaya ba a ceta ba.

"Ta mutu, ka sayar min"

Na yaye zanen da aka lulluɓe kwamfutar da shi, na share ta. Babban ekiran ɗinta mai ƙusumbi an daɗe da bayar da shi, don haka na aro wani shafaffe daga wurin maƙwabci. Na haɗa wayoyi, na yi bismillah, na danna. Fanka ta tashi da ƙugi, ƙaramar fitilar gaban akwatin ta kama. A kan ekiran sai ga wani ɗan rubutu yana yawo: "Pas de signal". Bayan daƙiƙa kaɗan ya ɓace, fitilar ekiran ta koma ruwan lemo, allo ya yi baƙi ƙirin.

Na kashe na kunna ya fi sau goma. Na bubbuga akwatin kamar yadda muke yi wa tsohuwar rediyo. Shiru.

Washegari na ɗaure ta a bayan moto na kai wa wani matashi mai gyara a bakin titi. Ya jona ta da ekiran ɗinsa, ya ga abin da na gani, bai ko kwance kusa ɗaya ba ya ce: "Alhaji, kart mer ɗin ta ƙone. Irin waɗannan ba a samun kayansu yanzu. Ka bar min ita a jika biyar in cire ƙarafan, ka ƙaro kuɗi in haɗa ka da wata mai kyau."

Wallahi saura ƙiris in yarda. Rana ta take, na gaji, kuma a ganina mai sana'a ya fi ni sani. Abin da ya hana ni shi ne tunanin yadda zan shiga gida in dubi Inna in ce na sayar. Na sake ɗaure kayata na juyo.

Kawu ne ya tuna min da wani dattijo, tsohon maƙwabcinmu a Zango, wanda ya fara da gyaran rediyo da talabijin tun muna yara, daga baya ya koma kan kwamfuta. Yanzu ƙarfi ya ja baya, a zauren gidansa yake ɗan taɓa aiki. Da na gaishe shi na faɗi ko ɗan wane ne ni, ya riƙe hannuna ya daɗe yana yi wa babana da yayana addu'a. Sannan ya ce: "Ajiye ta nan, ɗana. Amma ba za ka tafi ka bar ni da ita ba. Zauna ka gani da idonka, gobe kai za ka yi wa wani."

Abin da ya nuna min a yinin nan shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin na san gidajenmu da masallatanmu da makarantun Islamiyya cike suke da irin waɗannan tsofaffin akwatuna, an jingine su saboda allo ya ƙi kawo hoto.

Ekiran ɗin da ya yi magana lafiyarsa lau

Malam ya fara da tambayata: "Wa ya rubuta maka wannan rubutun, kwamfutar ko ekiran?" Na ce kwamfutar mana. Ya girgiza kai, ya zare wayar da ta haɗa su gaba ɗaya, ya kunna ekiran shi kaɗai. Rubutun ya sake fitowa.

Ya ce: "Ka gani? Shi da kansa ke magana. Cewa yake yi: ina da wuta, idona biyu, amma ba a aiko min da komai ba. Ekiran ɗin da ya lalace ba ya iya ko wannan ƙorafin."

Wannan shi ne gwaji na farko, kuma kyauta ne. In ekiran ya nuna "Pas de signal" ko "No signal", ko ka danna maɓallin jerin zaɓinsa ya fito, to matsalar tana kan hanya ko tana cikin akwatin. In kuwa ko fitilarsa ba ta kama ba, sai ka fara da wayar wutarsa da soket. Fitila kore ko shuɗiya na nufin yana karɓar hoto. Ruwan lemo ko mai ƙyaftawa na nufin yana jira.

Daga nan ya faɗa min ƙa'idarsa: a fara daga waje kafin ciki, daga mai araha kafin mai tsada, kuma a canza abu ɗaya a lokaci ɗaya. Ya ce wanda ya taɓa abu biyar a tare, ko ta tashi bai san abin da ya tashe ta ba.

Abu na biyu shi ne maɓallin zaɓen mashiga. Yawancin shafaffun ekiran suna da ƙofa biyu ko uku a baya: VGA mai shuɗin kai, DVI mai farin kai, da HDMI. In maƙwabcina ya saba amfani da HDMI, ekiran zai iya tsayawa yana sauraron wannan ƙofar alhali ni ta VGA nake ƙwanƙwasawa. Malam ya danna har ya tsaya kan VGA. Bai kawo ba, amma mun cire wannan daga lissafi.

Allurai goma sha biyar

Sai ya ɗauki wayar mai shuɗin kai ya fita da ita bakin ƙofa inda akwai haske. Irin wannan mahaɗi kamfanin IBM ne ya fito da shi tun 1987, kuma har yau shi ne a kan galibin tsofaffin kwamfutocin da ke shigo mana. Yana da gurbin allurai 15, layi uku, biyar-biyar. Malam ya san aikin kowace. Ta 1 da ta 2 da ta 3 su ke ɗauke da launin ja da kore da shuɗi. Shi ya sa in ɗaya ta lanƙwashe za ka ga hoto ya rine ya koma ruwan hoda ko rawaya. Ta 13 da ta 14 kuwa su ke gaya wa ekiran inda kowane layi zai fara da inda shafi zai ƙare. In ɗayansu ba ta shiga raminta ba, ekiran na iya ɗauka cewa babu kowa a kan layi, sai ya koma barci.

Ya ƙara da cewa kada in tsorata in na ƙirga na ga 14: wayoyi da yawa daga masana'anta ba sa zuwa da allura ta 9.

A tamu wayar, allura ɗaya a layin ƙasa ta kwanta ta jingina da 'yar'uwarta. Ni na yi wannan ɓarnar, lokacin da nake tura ta da ƙarfi a bayan tebur ba tare da na duba ba. Ya sa hantsaki ya miƙar da ita a hankali, yana cewa sau ɗaya ake yi, in aka yi ta wasa da ita karyewa take. Duk da haka bai amince da ita ba. Ya ɗauko wata wayar da ya tabbatar tana aiki, ya ɗaure kusoshinta biyu. Muka kunna. "Pas de signal."

Na ce: "Malam, ko dai yaron nan ya yi gaskiya?" Ya ce: "Ba mu ma shiga gidan ba tukuna, a ƙofa muke."

Ya juya bayan akwatin ya nuna min abin da ban lura da shi ba: ƙofofin VGA biyu ne. Ɗaya a sama kusa da inda ake jona kilabiye, ɗaya a can ƙasa a kwance. Ta saman ta babban farantin ce, wato kart mer. Ta ƙasan ta wani katin hoto ce da yayana ya ƙara saboda aikinsa. A yawancin irin waɗannan na'urori, da zarar an saka katin hoto, ta saman ta daina aiki. Ni kuwa, da matashin nan mai gyara, duk a saman muka jona. Mutane da yawa a nan matsalarsu ke ƙarewa. Tamu ba ta ƙare ba.

Na tambaye shi ko a gwada ta da talabijin, tunda ɗana ya ce akwai wayar da ke haɗa VGA da HDMI. Ya ce a yi hattara da 'yan kasuwa a nan. Harshen biyun ba ɗaya ba ne, waya zalla ba ta fassarawa. Sai da ɗan akwatin da ke juya saƙon, mai buƙatar wutarsa, kuma hanya ɗaya yake bi: wanda aka yi don ɗauko HDMI zuwa VGA ba zai yi akasin haka ba. Mutum sai ya sayo wanda bai dace ba, ya ƙara wa kansa ruɗani.

Kukan da ya faranta mana rai

Yanzu tambayar ita ce: ita kwamfutar ta farka kuwa, ko fanka ce kawai ke juyawa? Malam ya jona kilabiye ya danna maɓallin "Verr Num", wanda a na Ingilishi ake rubuta "Num Lock". In na'ura ta farka, ƙaramar fitilar maɓallin za ta riƙa kamawa tana mutuwa duk lokacin da ka danna, ko da allo baƙi ne. Tamu ba ta motsa ba. Kuma babu ɗan kukan nan guda ɗaya, "tit", da tsofaffin kwamfutoci ke yi idan sun duba jikinsu sun ga lafiya. Ke nan tana maƙalewa tun kafin ta kai ga aika hoto.

Kafin ya kwance murfi ya zare wayar wuta daga bango, ya danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don sauran wutar da ta maƙale ta fita, sannan ya taɓa ƙarfen akwatin da tafin hannu. Ya ce a lokacin hunturu jikin mutum na tara wata 'yar wuta, irin wadda ke tsirga maka in ka taɓa ƙofar mota, kuma ita kaɗai ta isa ta kashe ƙaramin kaya a ciki. Ya kuma nuna min wani ɗan jan makunni a bayan akwatin wutar, mai rubutun 115 da 230. Wutarmu a Burkina 220 ce, don haka dole ya tsaya kan 230. Kayan da suka fito daga Amurka sukan zo a kan 115, kuma wanda ya jona ba tare da ya duba ba zai ji ƙara ya ga hayaƙi.

Gargaɗi biyu ya maimaita har sau uku. Kada wanda bai koya ba ya buɗe shi wannan akwatin wutar, kuma kada ya kusanci cikin tsohon ekiran mai ƙusumbi, domin ƙarfin wutar da ke cikinsa na haura volt 20,000, kuma tana iya zama a ciki bayan an kashe shi.

Da murfin ya buɗe, sai da na ji kunya. Jar ƙurar Wagadugu ta shekara da shekaru ta kwanta kamar bargo, ga kuma gidan zanzaro a manne a kusurwa. Ya fitar da ita tsakar gida, ya bi ta da busasshen burushin fenti da famfon hura taya, yana riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Ba ruwa, ba hurawa da baki.

Sai ya duƙa yana duba wasu ƙananan gwangwanaye da ke tsaye a kan farantin. Ya ce kansu ya kamata ya zama a shafe. In ka ga ya kumbura kamar gwangwanin tumatirin da ya lalace, ko wani abu ruwan ƙasa ya tsattsafo, to sun gaji. Na'urorin farkon shekarun 2000 sun yi ƙaurin suna da wannan ciwon. Ya ce ko su ɗin ba hukuncin kisa ba ne, mai gyaran rediyo da ya iya dalma zai canza su. Namu dai lafiya lau suke.

Daga nan ya yi abin da ya ba ni mamaki. Ya ɓalle sandunan RAM guda biyu, waɗanda masu gyara ke kira baret, ya ajiye su gefe, ya mayar da wuta ya kunna na'urar babu su. Nan take ta fasa kuka mai tsawo, tana yi tana maimaitawa. Malam ya yi murmushi. "Ka ji gawar da aka ce ka sayar? Tana neman baret ɗinta ne. Farantin da ya ƙone ba ya sanin an ɗauke masa wani abu."

Ya sake zare wuta. Ya ɗauki farin magogin fensir irin na 'yan lekol, ya goge haƙoran zinaren da ke gefen kowace sanda har suka yi ƙyalli, ya kaɗe ramukansu da burushi. Zafi da sanyi na shekaru, da ƙura, da girgizar bayan moto, duk suna sa waɗannan haƙoran su daina haɗuwa da kyau. Ya mayar da sanda ɗaya tak, ya danna ta da manyan yatsu biyu har maƙallan gefe suka ce ƙas. Ya kunna.

"Tit." Fitilar ekiran ta koma kore. Fararen rubutu suka cika baƙin allo. Ban san lokacin da na ce Allahu akbar da ƙarfi ba, har matar gidan ta leƙo.

Saura tuntuɓe biyu

Rubutun yana ƙorafi ne cewa kwanan wata da saituna sun ɓace. Malam ya nuna min wani ɗan batir mai sheƙi a kan farantin, faɗinsa kusan na dala. Sunansa CR2032, volt 3 yake bayarwa, kuma shi ke riƙe agogo da saitunan na'ura idan babu wuta. Yakan yi 'yan shekaru ya ƙare. In ya mutu, kwamfuta na iya mance ko ta wace ƙofa aka ce ta fitar da hoto, wasu ma sukan ƙi tashi. Ya aiki jikansa ya sayo sabo a kan sefa 500 wurin mai gyaran agogo. Muka saka, muka mayar da sanda ta biyu, muka gyara kwanan wata.

Tambarin Windows XP ya bayyana, ɗan layin nan mai gudu ya yi ta wucewa. Ina shirin miƙewa, sai allo ya sake yin baƙi. Amma wannan karon rubutun dabam ne: yana cewa saƙon ya wuce iyakar abin da zai iya nunawa, abin da wasu ekiran ke rubutawa "Hors plage" ko "Out of range".

Malam ya ce wannan labari ne mai daɗi. Yayana ya saita na'urar ne don babban ekiran ɗinsa mai ƙusumbi, wanda ke iya sabunta hoto sau 85 a daƙiƙa. Shafaffen da na aro bai wuce 60 zuwa 75 ba. Alamar wannan matsalar a fili take: rubutun farko na fitowa, sai an shiga Windows hoto ke ɓacewa. Ya sake kunnawa yana ta danna F8, jerin zaɓi ya fito, ya zaɓi "Activer le mode VGA". Na'urar ta shiga da manyan haruffa, 640 a 480, ya je saitin allo ya mayar da shi 60.

Hoton da ya fara tarbar mu a fuskar kwamfutar shi ne ƙofar gidanmu ta Zango, da bishiyar bedin da ke gabanta.

Na kai hannu zan fara buɗe hotuna, Malam ya riƙe ni. "Kallo na gida ne. Yanzu kwashewa za mu yi. Tsohon da ya tashi daga doguwar jinya ba a sa shi tsere." Faifan ajiyar da ke ciki ya kusa shekara 20, kuma ba wanda zai ce ga ranar da zai tsaya. Ya hana ni haɗa ta da intanet, domin tun Afrilun 2014 kamfanin Microsoft ya daina aika wa Windows XP kariya. Ya ba ni ƙaramin kile mai giga 8, yana cewa manyan na yanzu sau da yawa XP ba ta gane tsarinsu. Cikin minti ashirin muka kwashe komai, sannan muka sake kwafa a kile na biyu.

Na tambaye shi: da a ce farantin ya ƙone da gaske fa? Ya nuna faifan da yatsa. Ya ce hotuna ba a cikin ekiran suke ba, ba kuma a kan farantin ba, a cikin wannan ɗan ƙarfen suke. Ana kwance shi da kusoshi huɗu, a jona shi da wata kwamfutar ta hanyar mahaɗin USB da ake samu a wuraren masu kayan lantarki irin na Zabre Daaga. Sai dai a faɗa wa mai sayarwa ko faifan tsohon yayi ne mai faffaɗar waya da allurai kusan 40, wato IDE, ko na baya ne, SATA. In kuma aka ji faifan yana ƙas-ƙas kamar agogo, a kashe nan take a nemi gwani, kada a yi ta gwadawa. Da na karɓi jika biyar ɗin nan, da faifan ya tafi tare da ƙarafan.

Da na tambayi kuɗin aikinsa, ya ce in wanko masa hoton shagonsa in yayana ya ɗauka. Ya ɗauka kuwa. Malam na tsaye a ƙofa da baƙin gemu, rediyoyi jibge a bayansa.

Dare uku a ɗakin Inna

Hotuna 340 da ɗoriya muka samu. Muka sa su a babbar talabijin ɗin falo saboda idon Inna, muka jawo mata kujera kusa. 'Yar yayana ta zauna da kwamfutarta ta hannu tana rubuta duk sunan da aka faɗa a ƙarƙashin hotonsa, ni kuma na kunna na'urar ɗaukar murya a wayata.

Inna ba sunaye kaɗai ta riƙa faɗa ba. Wannan mai furar daga Dogon Dutsi iyayenta suka zo. Wancan zauren nan ne ake saukar da baƙin Kano. Wannan yaron mai allo yanzu yana Abijan da 'ya'ya shida. Wannan rijiyar ba ta taɓa ƙafewa ba. In ta gaji sai ta ce a tsaya, mu ci gaba gobe.

A dare na biyu muka zo kan hoton babanmu yana zaune a kan buzu a zaure, yana kallon gefe, bai san ana ɗaukarsa ba. Bai cika shekara da barin Zango ba ya rasu. Inna ta yi shiru. Jikarta ta ɗago tana jiran a faɗa mata sunan da za ta rubuta, sai ta dubi fuskar kakarta, ta sauke kai ta rubuta da kanta.

Akwai hotuna 47 da Inna ba ta gane mutanen ciki ba, galibi na lungunan da ke wajen filin jirgi. Na wanko su a takarda, kuma nakan tafi da su a jaka duk inda mutanen Zango suka haɗu, wurin suna ko ɗaurin aure ko ta'aziyya. Zuwa yanzu an gane 19. A makon jiya wani dattijo a Nioko ya ɗaga ɗaya ya kusantar da shi ga fuskarsa, ya ce wannan mahaifiyarsa ce, kuma ba shi da hotonta ko ɗaya. Na bar masa.